Kaset ɗin da Na Kai wa Auta Tungar Shuɗi

Tun da na dawo yau da safe ba ku bar ni na zura zare cikin allura da kwanciyar hankali ba. Wannan ya leƙo shago ya ce, "Tela, yaya tafiya?" Wancan ya tare ni bakin masallaci wai ya ji na bar ɗinki na koma ɗan majigi. Har Alu mahauci, wanda bai tambayi lafiyata ba ko ranar da kunama ta harbe ni, ya aiko a ji ko gaskiya ne dodo ya ci mutane a Shanga. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku ƙyale ni in yi aikin mutane.

Abin da ya fitar da ni daga Yelwa ba yawon buɗe ido ba ne. Ƙanena Auta ne. Tare muke ɗinki a shagon nan, kuma in faɗi gaskiya ya fi ni hannu a wuyan riga. Damina biyu da suka wuce ya sayar da keken ɗinkinsa, ya aske kai ƙwal, ya bi wani malami zuwa wata tunga can ƙasar Ngaski bakin tafki. Mutanen wurin shuɗin tufafi kaɗai suke sawa, ba su riƙe agogo, ba su jin rediyo, ba su zuwa suna ko jana'izar wanda ba nasu ba. Shi ya sa ake ce wa wurin Tungar Shuɗi. Tun da ya tafi ko saƙon gaisuwa bai aiko ba.

Ita kuwa Inna, farar yana ta fara rufe mata ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ce, "Kai wanga," don ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari, "ka tahi ka zo min da Auta. Ina son in gan shi tun idon ga na aiki." Na ce to. Na fito ban san ta inda zan fara ba, don ni da Auta rabuwarmu ta ƙarshe da zagi muka yi ta, kuma yawancin zagin daga bakina ya fito.

A makon nan ne Sahabi ya kira ni. Kun san Sahabi, mai bidiyon nan na bayan tasha. Ya samo wani kaset a hannun direban babbar mota, ba kwali, ba hoto, fim ɗin Turawa ne. Da yake na ɗan taɓa makaranta, ni yake sawa in tsaya gefen talabijin ina fassara wa mutane. Ya rufe ƙofar zaure da buhu saboda hasken rana, 'yan kabu-kabu da 'yan kamasho suka cika wurin.

Jama'a, na ga fim na talauci, amma wannan ko tsumma ya fi shi sutura. Wasu mutane ne sanye da fararen riguna, kowa kai a aske, sun tare a wata gona cikin daji suna bin wani dogo mai sanyin murya. Sun ce jirgi zai sauko daga sama ya kwashe su. Kafin ya zo, akwai wani dodo a cikin rumbu da suke miƙa masa mutum lokaci-lokaci. Jarumin direba ne, ya zo neman ƙanwarsa. Da jirgin ya bayyana sai Ɗan'ige mai facin tukwane ya miƙe tsaye ya ce, "Wallahi murhin tukunya ne! Ga zaren da anka rataye shi!" Wuri ya kaure da dariya. Da dodon ya fito, kansa kamar tulu, ƙafarsa sanye da takalmin ƙwallo, wani ya faɗo daga benci. Ni kuma idon tela ya hango mini zif a bayan dodon, an ɗinka shi a karkace. Wani mai gemu ya mutu a farko, can tsakiya muka gan shi yana ɗebo ruwa, aka yi ta yi masa barka da dawowa.

Sai aka zo inda jarumin ya riƙe hannun ƙanwarsa, ta dube shi ta ce ita ba ta da wa. Mutane na ta dariyar kanta mai sheƙi, ni kuwa na kasa fassara wannan. Can jarumin ya ɗauki gatari ya nufi ƙofar rumbu, ya ɗaga, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Ba wanda ya damu. Duk mun tashi da fim ɗin Indiya da na Sin, mun san jarumi ba ya ɗaga gatari a banza. Kowa ya kakkaɓe riga ya kama gabansa.

Nan dabara ta faɗo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce ba sai na roƙi Auta ba. Zan ajiye masa akwatin nan a gaba, ya ga ƙarshen masu bin mutum ido rufe, shi da kansa zai tashi ya biyo ni. Da ma Sahabi na shirin zagaya kasuwanni da injin wutarsa. Na ce zan yi masa fassara kyauta in zai ƙarasa da ni tungar. Ya ce, "Kyauta? Tela, ko lahira ce mu tahi."

Shanga muka fara. Mun shiga a-kori-kura, Sahabi ya rungume injin, ni aka ɗora mini talabijin a cinya an naɗe shi da bargo. A wani shinge masu duba kaya suka ce a buɗe. Ɗayansu ya leƙa gilashin, ya gyara hularsa a ciki, ya ce mu wuce. Da muka sauka ƙafafuna sun mutu, sai da aka kama ni kamar mai jego.

Wani dillalin shinkafa ya sauke mu a zaurensa, ya kuma ba mu aron rumfar da yake tara buhuna. Tuwon shinkafarsu da miyar kifi, ba zan ɓoye ba, ya fi na gidanmu, ko da yake in matata ta tambaya ban faɗa ba. Sauronsu ma ya fi namu ƙiba.

Na ɗauka a nan za a ji tsoro. Ina! Manoma ne da Fulani suka cika rumfar, kuma ba su yi dariya ba, ba su kuma firgita ba. Ransu ne ya ɓaci. Wani dattijo ya nuna gonar masu fararen riguna da sandarsa ya ce, "Tsaya, malam. Duk ƙattin ga, ba mai fartanya ko ɗaya? Dibi yadda ciyawa ta ci masara." Na ce ai jirgin sama suke jira. Ya ce, "To su jira shi suna noma mana." Aka ce gaskiya ne. Da dodon ya cinye wani saurayi, dattijon ya ce ai gara, da ma ba ya aikin komai.

Sai wata saniya ta gitta a bayan jarumin, baƙa da fari, hantsarta har tana neman taɓa ƙasa. Wani Bafulatani ya yi tsalle ya ce a mayar. Na ce ai saniyar ba ta cikin labarin. Ya ce shi ba ruwansa da labari. Sahabi ya mayar. Suka matso, suka tsuguna, suka yi ta shawara da Fulatanci. Sau huɗu ana mayar da saniyar nan. Kafin mu kai ga gatari an kira la'asar, motar ɗaukar shinkafa kuma ta iso, mai rumfa ya ce a ba shi wuri. Suka tambaye ni yadda aka ƙare. Na ce ya kashe dodon, ya kai ƙanwarsa gida. Bafulatanin ya ce, "Saniyar fa?"

Daga can muka bi ruwa. Jirgi mai inji ne, cike da albasa da awaki da mata masu tafiya biki. Da muka zo wucewa ta gaban Yelwa na ja hula na rufe fuska, kada wani a bakin ruwa ya gan ni ya kai wa Inna labari cewa ina yawo da talabijin. Da kogi ya buɗe ya zama tafki sai iska ta taso. Ni ɗan Yauri ne, amma ban iya iyo ba, kuma ku da kuke dariya rabinku haka kuke. Matuƙin ya nuna wani wuri da haɓarsa ya ce a ƙarƙashin nan aka haife shi, kafin ruwan madatsa ya ci garinsu. Na ce Allah sarki, amma don Allah ya dubi gabansa. Wata tsohuwa ta ga yadda na ƙanƙame bakin jirgi, ta miƙo mini ƙuli-ƙuli ta ce in tauna.

A kasuwar Wara na ga matan Kambari na ɗaukar kaya a kafaɗa, ba a ka ba kamar namu. Suna tafe da tulu ko dami, kai a sake, suna hira. Na ce bari in gwada da talabijin. Taku goma na yi, wuyana ya riƙe har washegari, matan kuma suka samu abin dariya.

Masu kallon Wara masunta ne. Su dodon ne ya dame su, amma ta wata fuska. Gardama ta ɓarke a kan yadda za a kama shi. Wani ya ce taru, wani ya ce sai mashi. Wani tsoho da hannunsa duk tabon ƙugiya ya ce su yi shiru, wannan ba abin ruwa ba ne, abin da ke sa takalmi maharba ake kira masa. Mata biyu da suka leƙo su kaɗai suka yi mana adalci, suka ƙwala ihu suka zubar da tallan gyaɗa. Ana zuwa wurin gatari Sahabi ya kashe inji da hannunsa, don wasu na tsaye a waje suna jiran shiga. Na ce, "Haba Sahabi, ka bari a gama." Ya ce, "Ƙarshe kowa ya san shi. Hwaɗa musu da baki."

Na kuwa faɗa musu. Sau uku a ranar na faɗa, kowane karo ina ƙara gishiri. Na sa jarumin ya raba kan dodo biyu, ya ɗaure mai sanyin murya, ya ɗora ƙanwarsa a mota, tsohuwarsu ta fito tana guɗa. Kafin rana ta faɗi, da za ka sa ni rantsuwa, da na rantse na gani da idona. Shi kuwa Sahabi bai taɓa zama ya kalli fim ɗin ba sam. Kullum yana waje wurin inji da ƙofa.

Washegari muka ɗauki kwalekwale zuwa tungar. An kewaye ta da shingen ƙaya. A bakin ƙofa wani tsoho na zaune da ƙwarya, duk mai shiga sai ya ajiye agogo da tocila a ciki. Na cire agogona ina huci. Kayan Sahabi kuwa aka ce su tsaya a rumfar da suke bandar kifi, bakin ruwa, wajen shinge.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne tsabtar wurin. Na zo da shirin ganin ƙazanta da yunwa, sai na tarar da gonaki an nome su tas, yara da ƙiba, ko bawon rake babu a ƙasa. Tukunya ɗaya suke yi wa kowa, maza a inuwa guda, mata a wata. Ba a magana in ana ci, wanda a gidanmu da an ɗauka an yi rasuwa. Miyar ba komai cikinta sai gishiri da daddawa da kifi, amma na ƙara, Allah ya yafe mini.

Can sai ga Auta. Ya yi baƙi, ya yi faɗi a kafaɗa. Rigarsa ɗinkin hannu ce, wuyan a karkace, shi da ke gyara mini wuyan riga. Na miƙe. Ya tsaya nesa kaɗan, ya sa hannu a ƙirji ya ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah." Ni da na goya shi. Wallahi na ji zafin maganar nan har cikin haƙorana. Na ce a raina, bari dai, gobe za ka gani. Ban ce masa komai ba game da gida. Na kwana ɗakin baƙi ina tsara fassara.

Malamin nasu ɗan ƙaramin mutum ne, ba ya ɗaga murya. Na ce masa mun zo da wani abin wa'azi ne na Turawa. Ya yi murmushi ya ce ilimi ba ya da gari, tunda a wajen shinge ne, kowa ya fito bayan azahar. Aka rufe gefen rumfar da tabarmi. Sahabi ya ja igiyar inji, ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya mutu. Har ga Allah na ɗauka asiri ne. Sai Malam ya naɗe hannun riga, ya karkata kai ya ce, "Ruwa ya shiga man. Kawo sifana." Ashe kafin ya zama abin da ya zama, gyaran injin jirgi yake yi. Mutumin da ya hana jama'arsa agogo ya tsuguna ya kwance, ya hura, ya goge, ya ɗaure. Injin ya tashi yana kiɗa lafiya lau, irin yadda bai taɓa yi ba tun da muka bar gida.

Ban taɓa ganin masu kallo irin waɗannan ba. Murfin tukunya ya sauko, shiru. Dodo ya fito da takalminsa, shiru. Mai gemu ya mutu ya dawo, ba wanda ya yi masa barka. Suna zaune sahu-sahu, hannu a gwiwa. Ni kuwa na saki baki. Abin da Bature ya faɗa da wanda bai faɗa ba duk na fassara. Na ce, "Kun gani, ya raba su da iyayensu. Kun gani, ya sa sun sayar da kayan sana'arsu." Babu zancen sana'a a fim ɗin, ni na sa. Ina yi ina satar kallon Auta a sahu na uku.

Jarumi ya ɗauki gatari. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya na ce, "To yanzu ku buɗe ido. Yanzu za ku ga abin da wa ke yi in an riƙe mishi ƙane." Ya sare ƙofar, ya shiga. Aka ji ƙara, wani koren haske ya cika rumbun. Ba a ɗauke wuta ba, ba a kira salla ba, Sahabi bai taɓa inji ba.

Ƙofa ta buɗe. Jarumin ya fito ba gatari. Kansa a aske ƙwal, farar riga har ƙasa, yana murmushi. Ya je ya durƙusa gaban mai sanyin murya, ƙanwar ta kama hannunsa. Ya faɗi 'yar gajeriyar magana. Rubutu ya fara hawa sama.

Na tsaya baki buɗe, ina jiran a ce akwai saura. Babu. Sai kukan inji.

Malam ya ce a hankali, "Malam Tela, ba ka hwassara muna ta ƙarshen ba. Mi ya ce?"

Na so in yi ƙarya. Amma duk wanda ke wurin ya ga fuskar mutumin. Na ce, "Ya ce ya iso gida."

Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa. Maza suka yi ta gyaɗa kai, wani na share hawaye. Wani ya riƙe hannuna biyu ya ce Allah ya saka, bai san Turawa ma sun gane ba. Na ce to dodon fa, ba ku ga yana cin mutane ba? Ya ce ai ba a rasa jarrabawa a kowace hanya. Malam ya ce in muna da wani irinsa mu riƙa kawowa. Sahabi, mara kunya, ya ce in sha Allah.

Muna loda kaya a kwalekwale sai ga Auta ya ɗauko bargon talabijin ya kawo. Ya shigo ruwa har gwiwa, ya rage murya ya ce, "Yaya, ba ka kalli ƙarshen ba, ko?"

Na ce, "Awo, ban kalla ba."

Ya fashe da dariya, irin tasa ta shago, wadda yake riƙe ciki. Na so in mare shi, na so kuma in rungume shi. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Idon Inna na rufewa. Ɗaya ya tahi. Ta ce tana son ganinka."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Tun jiya kana nan. Ka ci, ka kwana, ka yi ta surutu gaban akwati. Sai yanzu da ƙahwarka ɗaya ke cikin jirgi?"

Na karɓi bargon na rufe talabijin. Ya ce sun yi alkawari gaban jama'a ba mai barin tungar sai an gama sussuka, wata uku ke nan. Da na faɗa jiya a gaban Malam, da wataƙila an duba. Yanzu kuwa, bayan abin da na tsaya na yi, duk wanda ya bi ni kowa zai ce fim ne ya fitar da shi. Mai kwalekwale ya ce iska za ta taso. Muka tura. Yana nan tsaye cikin ruwa har muka sha kwana.

Da na iso gida ban tsaya wanka ba, na shiga wurin Inna. Ta karkato da idon dama ta duba bayana, ta ga ba kowa. Na ba ta labari duka, ban rage ba, har da gatari da guɗa. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Ta ce, "Ya rame?"

Na ce, "A'a, ya yi jiki."

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "Kwana takwas, da inji, da akwati, don ka hwaɗi magana guda." Ta laluba bango ta miƙe. "Wata uku ya yi wa idon ga yawa. Jirgin Wara yaushe yake tashi?"

Na ce jibi, amma ruwan da nisa, ga iska, ga jikinta.

Ta ce, "Jibi ni za ka ɗauka. Kuma in mun isa, kak ka buɗe baki."

Don haka mai son kayansa ya zo ya karɓa gobe kafin azahar. Wanda nasa bai gamu ba ya yi haƙuri, jibi shago a rufe yake.